Kawu Sale da Gaisuwar Mutanen Wales

Duk wanda ya taɓa zama a falon Kawu Sale a Upper Marlboro, can ƙasar waje, ya san gwangwanin biskit ɗin nan. Babu biskit ko ɗaya a ciki, wasiƙu ne tun na zamanin da ya baro Kano. Ya kan zaro ɗaya ya karanta da ƙarfi, in ya iso inda aka ce "a gaida Sale", sai ya gyara hula ya ce, "Ina amsawa."

Ni 'yar ƙanwarsa ce, bakina kuma ba ya shiru. Na ce, "Kawu, ai Gwaggo Laraba da ta rubuto wannan ta shekara ashirin da rasuwa."

Ya dube ni ta saman tabarau. "To? Ita ta janye gaisuwar ne?"

Mutumin nan har kamfanin wuta ya taɓa rubuta wa takarda, wai shekara da shekaru suna aiko masa wasiƙa ba su taɓa tambayar iyali ba. Saƙon murya kuwa ko a jikinsa. In ka tura masa sai ya kira ka ya ce, "Na ji. Yanzu rubuto, ban san yadda ake sa murya a gwangwani ba."

Da ɗansa Nura ya auri Baturiya, Megan, Kawu ya raɗa mata Magajiya. Aka haifi Hauwa, sai ya tada balli. Ta wajen uba yana iya jero kakanninta bakwai, ta wajen uwa kuwa an tsaya a wani kakan Magajiya, John Evans, da ya zo daga Wales ta ƙasar Turawa aikin haƙar kwal.

"Ranar da za a zo neman auren yarinyar nan a tambayi asalin uwa, me zan ce? In ce a duba intanet?"

Nura ya ce, "Baba, watanta fa shida."

"Shi ya sa nake sauri."

Ita ma Magajiya abin na ci mata rai. Ta shekara tana bincike, amma John Evans a Wales sun fi Muhammadu a Kano yawa. Abin da take da shi wasiƙu takwas ne da mahaifiyar John ta aiko masa da yarensu, wata tsohuwar malama ta fassara mata. Ranar wata Asabar na ɗauki Kawu zuwa gidansu a Woodbridge, muka sha cunkoso a hanya yana ta yi wa manyan motoci faɗa. Magajiya ta karanto masa fassarar: ruwan sama, ciwon ƙafa, tumaki. Kawu ya karɓi ta asalin, wadda ko harafi bai sani ba a ciki, ya jera su gefe da gefe.

"Wannan ta fi wannan tsawo. Ina sauran?"

"Baba, malamar ta ce gaishe-gaishe ne kawai, ta tsallake."

Wallahi na zaci zai shiɗe. "Kawai? An yanka rago an zubar da nama an kawo miki ƙaho. Tsohuwa ba ta gaida baƙo, Magajiya. Danginki suna can a ƙasan takarda."

Ya tsare ta sai da ta buga wa malamar waya a gabansa. Bayan sati biyu sauran ya iso, muka sake taruwa. Ashe mutanen can ba sa kiran mutum da sunansa tsura, sai sun haɗa da sunan gonarsu: kawunka na Kan Gada yana gaishe ka, gwaggonka ta Farin Gida tana gaishe ka. Da sunayen gonakin nan Magajiya ta gano ƙauyen, ta samo littafin cocinsu, kakanni suka fito har shida. Kawu ya yi wata guda yana shiga masallaci kamar shi ya gina Wales. Mu ma fa mun yi alfahari da shi, ba na ɓoyewa.

Amma abin da ba na mantawa shi ne layin ƙarshe na wasiƙa ta takwas. Magajiya ta karanta: "Ka gaida yaranka, da yaran da za su haifa, waɗanda ba zan gani ba."

Kawu ya miƙe tsaye, ya ɗauki Hauwa daga cinyar uwarta, ya gyara hula. Ya ce, "Muna amsawa, Iya. Ta iso a makare, amma ta iso." Ranar ban tsokane shi ba.

Bayan sadakar bakwai ɗinsa muka buɗe gwangwanin. A saman duka akwai takarda da rubutunsa. Babu wasiyya, babu nasiha, gaisuwa ce shafi biyu, kowa da sunansa. Ni ya rubuta, "A gaida Binta mai baki." A ƙasa ya sa, "A gaida Hauwa, jikar Kano da Kan Gada, da yaran da za ta haifa."

Magajiya ce ta fara, da Hausarta mai tuntuɓe: "Muna amsawa, Baba."

Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa mala'iku su tarbe shi da sallama. Na tabbata zai amsa.