Kotun da Na Hana 'Yata Zuwa

Shekarun baya na faɗa wa 'yata wata magana da har yau nake so a ce na haɗiye ta. Cewa na yi: "'Yar mutunci ba ta zuwa kotu."

Mijinta ne ya rasu ya bar ta da yarinya ƙarama. Da ta gama takaba a gidansu a unguwar Shehuri za ta dawo wurinmu unguwar Bolori, sai wan mijin ya ce ita ta tafi, yarinya kuwa ta gidansu ce. Gidan malamai ne, ni kuma mai wankin hula, karatuna bai yi nisa ba. In na shiga zaurensu ko zama sosai ba na iya yi. Shi ya sa na ce mata ta yi haƙuri.

Ba ta yi ba. Ta kai ƙara kotun shari'a ba da sanina ba. Wan mijin ya je ya ce 'yata yarinya ce, gobe aure za ta yi, ba za a kai musu 'ya gidan wani ba. Aka bar masa riƙo. Ta dawo ta daina cin abinci, sai ta zauna tana ninke kayan yarinyar tana warwarewa. Uwarta, wato matata, ta dube ni ta ce, "Malam, hular mutane kake wankewa ta yi kyau, taka 'yar tana lalacewa a gabanka."

Maganar ta shige ni, amma sai da na ɓata makonni ina jan ƙafa. Ranar da na tashi kuwa, da ƙarfina na tashi. Na ce ba ruwana da ƙananan kotuna, can sama za mu je a gama magana. Na ɗauko hular da na fi ji da ita, muka hau keke mai ƙafa uku ni da 'yata da uwarta, sai Babbar Kotun jiha.

Wata ma'aikaciya muka tarar, Babarbariya, ta gaishe ni da yarensu ta ce, "Wushe, Baba. Me ke tafe da ku?" Na gyara murya na ce babban alƙali nake nema. Ta yi dariya ta ba ni kujera. Da 'yata ta ba ta labari sai ta ce, "Baba, kun yi ɓatan ƙofa. Nan manyan laifuka muke ji, da rigimar fili da ta kwangila, da ƙarar da aka ɗaukako daga majistare. Akwai kuma ɓangaren iyali, inda ake duba maganar yara ba a cikin taron jama'a ba. Amma ku a kotun shari'a kuka fara, to matakalarku daban ce. Daga can sai babbar kotun shari'a. In ba ku gamsu ba, sai kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a, inda alƙalai ke zama fiye da ɗaya."

Na ce, "Ba a tsallakewa?"

Ta ce, "Kai in an kawo maka hula, guga kake fara yi ko wanki?"

Ban san yadda aka yi ta gane sana'ata ba, sai da na ga tana kallon yatsuna da sabulu ya cinye. Sannan ta tambayi ranar da aka yanke hukunci. Da ta ji, ta daina dariya. Ta ce ɗaukaka ƙara tana da wa'adi, namu saura kaɗan ya cika, mu tafi yanzu kada mu biya ko'ina. A keke ban iya ɗaga ido ba, don na san wanda ya cinye kwanakin nan.

Allah Ya sa muka samu shiga. Ranar zama wan mijin ya zo da mutanensa, ya maimaita maganar aure. 'Yata ta miƙe. Ita da ko a gida ba a jin muryarta, sai ta ce, "Allah Ya gafarta malam, ban yi aure ba. In ma na yi, ina so a gaya mini a gaban kowa, wa shari'a ta ba riƙon 'yata?"

Alƙali ya ce riƙo na uwa ne. In ta auri bare, sai ya koma hannun mahaifiyarta. Ya tambaya ko tana raye. Matata ta ɗaga hannu daga can baya, kamar 'yar makaranta. Wan mijin kuma aka ce masa shi ne waliyyi, ya riƙa zuwa ganin yarinyar, ranar aurenta ma shi zai ba da ita.

Bakina bai bar ni ba, na ce, "Ranka ya daɗe, ni fa?"

Ya ce, "Kai kuma wane ne?"

Na ce kakanta ne. Ya ce, "Baba, zauna. Mai ɗakinka ta riga ka." Kotu ta ɗauki dariya, har wan mijin sai da ya murmusa. Matata har yau ba ta bar ni na manta ba.

A keken da muka dawo mu huɗu ne. Yarinyar ta cire hulata ta sa a kanta, na bar mata.

Yanzu jikar nan tawa ta girma, ita ce ma take rubuta mini wannan a waya, tana gyara mini magana. Gidan Shehuri tana zuwa duk Juma'a, ba mu ɓata da su ba. Uwarta kuwa ta yi aure, riƙo ya dawo hannun matata kamar yadda aka faɗa, babu wanda ya ce uffan.

Duk unguwar nan babu mai 'ya irin tawa, na faɗa da ƙarfi. Ku iyaye, ina roƙonku, in 'yarku ta ce an zalunce ta, kada ku ce mata abin da na ce. Ku sa hula ku raka ta tun da wuri, ku tambayi ƙofar da ta dace.