Hannun Maccido Wanzami

Maccido ya gaji aska daga ubansa. Duk jaririn da aka haifa a gidan Alhaji Halliru, mai fataucin shanu tsakanin Illela da Ƙonni, gidan su Maccido ke yi masa askin suna, tun kaka da kakanni.

Shekarar da aka samu mulkin kai wani ƙullutu ya fito wa Maccido a wuya. Ya shiga cin abinci kamar gara, amma kullum ramewa yake, har in iska ta taso sai ya rungumi bango. Idanu suka firfito kamar na kwaɗo. Zuciya kuwa ta bar hanya: ta yi sukuwa, ta yi tuntuɓe, ta tsaya, ta sake zabura. Wanda ya tsaya kusa da shi a sahu sai bugun ya ɓatar masa da raka'a.

"Taubashi, makaɗa ka haɗiye?" in ji Tasalla, ɗiyar kawunsa. "In kira 'yan rawa?"

Likita a Sakkwato ya ɗora masa roba a ƙirji, ya ce maƙoƙon ne ke ingiza zuciyar, a kwantar da shi. Maccido ya ce sai bayan suna, don an yi wa Alhaji jika.

Ranar suna hannu ya hau kakkarwa tun da safe. Ya tuna ubansa ba ya kama aska sai da goro a baki, wai yana tsayar da hannu. Ya ci ɗaya, hannun bai tsaya ba, ya ƙara, ya ƙara. Goro ya hau kan zuciya kamar an zuba wa wuta kananzir. Gumi ya jiƙe taguwa.

Aka miƙo jariri. Aska ta yi rawa, ta tsaga bayan kunne, jini ya ɗiga a zane.

"Mi kaka yi, Maccido?" Alhaji ya fizge jikansa. "Dabo, taho ka ƙarasa!"

Dabo, wanzamin Gidan Katta, cin tuwo kawai ya kawo shi. Ya tafi da tuwon, da rabon wanzami na ragon suna, da gidan Alhaji gaba ɗaya.

Tun daga ranar ko kabewa ba a ba Maccido ya fere. Yana zaune a ƙofar gida da zabirarsa a cinya, rigarsa na motsi a saitin ƙirji. Tasalla kaɗai ke ba shi aiki.

"Taubashi, riƙe mini rariya," takan ce. "Wanga hannu naka shi ka tankaɗe da kanshi."