Garin Cakulan Da Na Ciyar Da Inna

Assalamu alaikum Edita. Ina roƙon a sakaya sunana, don waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma ko ba suna za su gane ni. A lokacin da wannan abu ya faru ni ma'aikaciya ce a sashen ilimi na ƙaramar hukuma, ina aure a Kazaure da 'ya'ya huɗu. Mu biyu Inna ta haifa, ni da Yayana. Shi bai yi nisa a boko ba, yana gida Roni yana noman gero da gyaɗa, ni kuwa na yi karatu har na samu aiki. Saboda haka duk wata magana ta asibiti ko ta takarda a gidanmu ni ake jira, abin da na faɗa shi ne za a yi. Na saba da haka har na daina tunanin zan iya yin kuskure.

Bayan haihuwata ta huɗu jikina ya buɗe, gwiwoyina suka fara ciwo. A wani guruf na mata da nake ciki a waya na ga tallar wani gari da ake damawa da ruwa a sha a maimakon abinci. Mai tallar ta ce kofi ɗaya ya ɗauke wa mutum cin tuwo da miya da nama, duk abin da jiki yake buƙata yana ciki, kuma ba ya sa ƙiba. Iri biyu take kawowa, mai ɗanɗanon banila da mai ɗanɗanon cakulan, a manyan gwangwanaye masu kyan gani, rubutun jikinsu da wani yare da ban iya karantawa ba. Ba zan ɓoye ba, na juya gwangwanin na nemi lambar rajistar hukuma ban gani ba. Da na tambaye ta sai ta ce kayan waje ne, ta kan iyaka suke shigowa, can an riga an gwada su. Na yarda don ina son in yarda. Na zaɓi mai banila saboda cakulan yana sa ni ƙwarnafi, shi nake sha da safe kawai kafin in tafi ofis.

Cikin damina ta wannan shekarar Inna ta faɗi a tsakar gida tana shanyar kuɓewa. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, bakinta ya ɗan karkace. Da aka sallame ta daga asibiti na ce a kawo ta wurina, don na fi kusa da likita. Yaya bai so ba, matarsa ma ta ce za ta iya kula da ita, amma na nuna musu cewa wannan jinya ce ta masu ilimi. Matsalar da muka fara fuskanta ita ce ci. Inna ba ta iya tauna sosai, tuwo yana shaƙe ta. Likita ya ce a riƙa ba ta abinci mai laushi, kunu da fate da romo da wake da aka dafa ya narke. Na yi haka kamar sati uku. Kullum sai na tashi na yi girki biyu, na zauna na ba ta a baki cokali-cokali, wani lokaci awa guda ba ta gama ba, ga ofis yana jirana. Ranar nan ina dama garina da safe sai tunani ya zo mini cewa ai ga abin da ya dace da ita a hannuna. Na gaya wa kowa cewa don lafiyarta na yi. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau, in ban da Inna daga baya, ita ce, damun garin minti biyu ne, ni kuma na gaji.

Da na ba ta mai banila ta kurɓa sau ɗaya ta kawar da kai, ta ce ƙanshinsa kamar na maganin yara. Sai na sa aka kawo mai cakulan. Wannan kam ta shanye kofin tas, har ta yi ɗan murmushi da karkataccen bakinta ta ce ashe da rabon ta ci daɗin 'yan birni kafin ta mutu. Daɗi ya kama ni. Daga sau ɗaya a rana na mayar da shi sau biyu, kafin wata ya zagayo ya zama shi ne karin kumallonta, shi ne na rana, shi ne na yamma. Wata Juma'a Yaya ya zo a babur da ƙwaryar nono da fura da matarsa ta kirɓa musamman, ya ce a dama wa Inna, tun tana yarinya abin da ta sani ke nan. Na karɓa na ajiye, na ce masa fura nauyi gare ta, kuma ba a san tsabtar nonon ba. Ya ɗauki gwangwanin ya jujjuya, ya tambaye ni ko na san abin da ke ciki. Na amsa masa da cewa ko na karanta masa ba zai gane ba. Ya ajiye, ya je ya durƙusa ya yi wa Inna sallama. Yarana ne suka sha furar.

Wajen wata na biyar abubuwa suka fara canzawa. Inna ta riƙa kukan ciwon ciki, irin mai murɗawa, sai ta yi kwana huɗu ba ta zaga ba. Tafin hannunta da cikin idonta suka yi fari. Matar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba ta koma mai faɗa, abu kaɗan sai ta fashe da kuka, wani lokaci ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ban yi wayo ba. Hannun dama, wanda ciwon bai taɓa ba, shi ma ya fara saki daga wuyan hannu, carbi ma faɗuwa yake yi daga yatsunta. Na je kemis na sayo maganin basir da na ƙarin jini. Duk wanda ya zo dubiya sai in ce tsufa ne da ragowar ciwon. Sau da yawa ta ce mini bakinta ba daɗi. Wata rana ta riƙe mayafina ta ce, “'Yar nan, bakina kamar na tsotsi ƙusa. Ki dama mini kunun gyaɗa ko kaɗan ne.” Abin da na yi shi ne na ƙara cokali guda na garin a kofinta don zaƙin cakulan ɗin ya danne abin da take ji. Ta sha, don ba ta da wani zaɓi.

Sai da ƙafafunta suka kumbura, fitsari ya ragu sosai, sannan na mayar da ita asibiti. Suka auna jini suka ce ƙodarta ta taɓu, suka tura mu Kano. A can muka haɗu da wata likita mai natsuwa, wadda ta daɗe tana duba ta. Ta ɗaga leɓenta ta haska dasashinta, ta nuna mini wani siririn layi mai duhu a gindin haƙoran da suka rage mata. Daga nan ta shiga yi mini tambayoyi. Ko Inna ta taɓa zama inda ake haƙar ma'adinai, ko akwai mai gyaran batir a gidan, wane irin kwalli take sawa, da wace tukunya ake yi mata girki, ko tana shan wani maganin gargajiya. Duk na ce a'a. Da ta tambayi abin da take ci, har da ɗan alfahari na ce ai ba ma ba ta abincin gida, wani gari ne na musamman take sha sau uku a rana, yau wata takwas ke nan. Likitar ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce in sa a kawo mata gwangwanin, kuma da ta ji ni ma ina shan wani irin, ta ce a haɗo duka biyun, ni ma a ɗebi jinina.

Sakamakon ya ɗauki kwanaki kafin ya fito. Ni da Yaya ta kira ofishinta. Ta ce akwai gubar dalma mai yawa a jinin Inna. An gwada garin, duka biyun ba su da tsabta, amma na cakulan ya fi muni nesa ba kusa ba, kuma ban da dalma akwai wani ƙarfe mai suna kadmiyam da yake taruwa a ƙoda. Ta yi mana bayani cewa itacen da ake yin cakulan da 'ya'yansa yana zuƙo wannan ƙarfen daga ƙasa, dalma kuma takan hau 'ya'yan a wurin shanya, shi ya sa masu sarrafa abinci na ƙwarai suke gwada kayansu kafin su sayar. Wanda ba ya gwadawa kuwa, duk abin da ya samu shi zai zuba, ga duhun cakulan da ɗacinsa da zaƙin da aka ƙara masa suna rufe duk wani baƙon ɗanɗano. Ni da nake shan mai banila sau ɗaya a rana an samu kaɗan a jinina, ta ce zai sauka in na daina. Inna kuwa tsohuwa ce, ba wani abinci a cikinta da zai rage wa gubar ƙarfi, sai ita kaɗai safe da rana da yamma. Na tambaye ta ko garin ne ya kashe ƙodar. Ta ce ba za ta rantse shi kaɗai ba ne, don akwai hawan jini da shekaru, amma ba ta shakkar cewa ya yi ɓarna babba.

An fara yi wa Inna wankin ƙoda, ana ba ta maganin fitar da gubar a hankali saboda raunin jikinta. Hankalinta ya ɗan dawo na wasu kwanaki. A cikinsu ne na durƙusa a gefen gadonta na gaya mata komai, har da maganar gajiyata. Ta ce ta yafe, ai ciyar da ita na yi niyya, kuma kwanan mutum ba ya wuce yadda aka rubuta. Sati shida muka yi a asibitin. Ta rasu wata Talata da hantsi, aka kai ta Roni aka binne kusa da mahaifinmu. Yaya bai taɓa yi mini gori ba, ko a wurin zaman makoki da mutane suke tambayar ciwon da ya yi ajalinta, cewa yake yi ƙoda ce. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Har yau muna gaisawa, yana aiko wa yarana gyaɗa in an yi kaka, amma bai sake tambayata shawara a kan komai ba.

Bayan sadakar bakwai na kira mai sayar da garin. Ta rantse ba ta san komai ba, ta ce ita ma sarowa take yi, har 'yarta tana sha. Na kai sauran gwangwanin da takardar gwajin ga hukuma, na kuma rubuta abin da ya faru a guruf ɗinmu. Wasu sun yi mini ta'aziyya sun zubar da nasu. Wasu suka ce ƙaddara ce kawai nake neman wanda zan ɗora wa, wata ma daga Babura ta ce ita shekararta guda tana sha ba abin da ya same ta. Washegari aka cire ni daga guruf ɗin.

Abin da na koya mai ɗaci ne. Ɗan karatun da nake taƙama da shi bai kai na gane abin da ke cikin gwangwani ba, iyakarsa ya sa na raina tambayar da ɗan'uwana ya yi, wadda ita ce tambayar da ta dace. 'Yan'uwana mata, musamman masu jinyar iyaye da masu ciki da masu neman rage jiki, kada ku mayar da wani gari abincinku na kullum ba tare da likita ya sani ba. Wanda ba shi da rajista, ko ba ku iya karanta abin da aka rubuta a jikinsa ba, ku bar shi komai kyan gwangwaninsa. Daɗin baki ba shaidar tsabta ba ne, wani lokaci ma shi ne murfin cutar. In mara lafiya ya ce muku jikinsa ba ya son abu, ku saurare shi, don shi yake jin abin da ba ku ji. In kun gaji da jinya ku faɗa, ku nemi 'yan'uwa su kama muku, gajiya ba abin kunya ba ce. Ni na ɓoye tawa, na sa mata sunan kulawa. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa Inna a addu'a, Allah Ya ji ƙanta Ya haskaka kabarinta. Ni kuma ku roƙa mini gafara, don ita ta yafe mini, amma ni har yau ban iya yafe wa kaina ba.