Tsiron Dawa a Bayan Ɗakin Gwauruwa

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara, ni ce shugabar zumuntar mata a 'yar ikilisiyarmu ta Ƙaura Namoda. Ba mu da yawa, galibi aikin jirgin ƙasa ko na kwaleji ya kawo mazajenmu. A lokacin kowa kallon kowa yake ta wutsiyar ido. Baƙo na shigowa sujada za a fara ƙus-ƙus, wa ya turo shi? Ni kuwa a wannan fannin ba a bar ni a baya ba.

Akwai wata gwauruwa a cikinmu mai 'ya'ya huɗu. Tun da mijinta ya rasu take dafa burukutu, da shi take ciyar da su. Saboda haka dattawa suka sa ta a horo. Tana zuwa sujada, amma ranar Jibin Ubangiji, wato ranar da ake raba gurasa da ƙoƙo a sujada, da an ce waɗanda ba za su ci ba su fita, sai ta ɗauki mayafinta ta bi yara waje. Shekara da shekaru tana wannan fita.

Da doka ta hana giya, ta kife tukwanenta. Bayan 'yan watanni ta je gaban dattawa ta ce ta daina, a mayar da ita teburin Ubangiji. Ni da labari ya iso ni, na ce, "Oho! Tuba ce ko tsoron bulala?" A gaban mata na faɗa. Aka kwashe da dariya, na kuwa ji daɗin dariyar.

Dattawa suka ce sai an bincika, suka ɗora mini. Maigidana yana cikinsu, shi ya kawo mini saƙon. Ya ce, "Ke mace ce, kin fi mu sanin tukunya."

Da hantsi na faɗa mata ba sanarwa. Ta yi mini shimfiɗa, ta kawo ruwa. Muna gaisawa ina baza hanci. Babu wari. Manyan tukwanen suna kife a gindin katanga, har kaji sun ɓata su. Raina bai so haka ba, gaskiya, don na riga na gama shari'ata tun daga gida. Sai na ce zan zagaya. A bayan ɗaki na tarar da tabarma, an shanya jiƙaƙƙiyar dawa da ta fid da tsiro. Da irin wannan ake fara burukutu.

Ta biyo ni ta ga inda idona yake. Ta ce, "Na kunun zaƙi ne, Mama. Tasha nake kaiwa yanzu."

Na ce, "To, to."

Na san ana sa tsiro a kunu. Ni kaina ina sawa. Amma da na tsaya gaban dattawa sai na ce, "Na ga tsiro," na ja bakina. Fasto, tsoho mai sanyin hali, ya tambaye ni, "Ta ce na mene ne?" Na ce, "Haba Baba, me kuwa za ta ce?" Aka ɗaga maganarta sai baɗi.

Ranar Asabar, ana gobe Jibin Ubangiji, ina tankaɗe sai ga ta da sallama, riƙe da jug. Ta ƙi zama.

Ta ce, "Mama, ba faɗa na zo ba. Ki ɗanɗana."

Na kurɓa don kunya. Kunu ne, har da citta da kanumfari.

Ta ce, "Tun da na kife tukunya ba wanda ya tambaye ni abin da yarana ke ci. Wannan na bar wa Allah. Amma tun da shaida kuke nema, a gidanki take. Ki tambayi maigidanki. Sau uku yana zuwa bayan an kafa doka, wai ko da ɗan ƙoƙon burukutu ne in san yadda zan yi masa. Sau ukun nan ina mayar da shi haka nan."

Ta karɓi jug ɗinta ta tafi. Haushi ya kama ni, na rasa wa zan ji wa, ita ko shi ko kaina. Har na so in ce ƙarya take, amma na tuna yammacin da yake dawowa yana ta faɗa ba dalili. Ban tambaye shi ba. Tsoron amsar nake ji.

Washegari aka yi sanarwa waɗanda ba za su ci ba su fita. Ta ɗauki mayafinta ta bi yara waje. Maigidana ya ɗauko farantin gurasa yana bin layi, fuskarsa a natse, har ya iso kaina ya miƙo. Duk matan zumunta suna bayana suna jira shugabarsu ta fara. Na sa hannu na ɗauka.