Takalma a Bakin Ƙofa

Shekarar da aka ba ni aji ko gemu bai fito mini ba. Turawa ba su daɗe da buɗe makarantar boko a Sakkwato ba. Ɗakuna ne na ƙasa, da tabarmi a shimfiɗe, da baƙin allo jingine da bango. Ni kuwa ɗan Dundaye ne, mahaifina manomin shinkafa da albasa ne a fadama. Yadda aka yi na shiga boko ma abin dariya ne. An ce wa mai garinmu ya kawo ɗansa, ya ji tsoron kada Nasara su lalata masa yaro, sai ya duba cikin talakawansa ya tsamo ni. Na yi karatu a madadin ɗan wani, Allah ya sa kai ya ja, da na gama Baturen makaranta ya ce in zauna in koyar da 'yan aji ɗaya.

Yaran ajin kusan duk 'ya'yan manyan gidajen birni ne, na sarauta da na malanta, kuma babu wanda bai san ɗan wane ne ni ba. A Sakkwato ba a shiga wurin malami da takalmi. Tun daga bakin ƙofa kake tuɓewa, ka shiga ka durƙusa ka gaishe shi. Haka suke yi wa sauran malamai. Ni kuwa sai su shigo mini da jajayen takalmansu na fata, su tattake tabarma, su zauna suna kallona. Ba su taɓa zagina ba, ba su kuma bukatar zagin. Kowace safiya idan na leƙa bakin ƙofa, takalmina kaɗai nake gani.

Ina da zuciya tun ina yaro, har yau ma ba ta gama kwanciya ba. Na yi tsawa, na yi bulala, na yi magiya, duk a banza. Ba wanda ya koya mini yadda ake riƙe aji. An miƙa mini alli ne kawai aka nuna mini ƙofa. Kafin wata biyu na yanke shawara a raina: da zarar ruwan fari ya sauka zan tattara in koma fadama, in bar musu bokonsu.

Akwai wani dattijo a makarantar, malamin Arabiyya da addini, dogo siriri, haƙoransa ja wur da goro. Da safe kawai yake zuwa, domin yana da nasa zauren a cikin birni inda magidanta ke ɗaukar karatun littattafai bayan la'asar. Tun ina ɗalibi nakan bi ta ƙofar zauren nan, in ga takalma jibge har sun fito kan hanya, sai mutum ya ratse kafin ya wuce. Iyayen rabin yaran ajina a gabansa suka yi karatu.

Wata rana da aka tashi ya same ni gindin durumin da ke tsakar makaranta, na haɗa kai da gwiwa. Ya zauna kusa da ni, ya ɓare goro ya miƙo mini ɓari.

"Ɗana, mi yas same ka? Kwana ukku ina jin muryarka ta bango kamar mai koran tsuntsaye gonar shinkahwa."

Na ce, "Allah shi gahwarta Malam, barin aikin ga za ni yi. Ɗiyan ga ba su ɗauke ni malami ba. Damana na hwaɗuwa gida za ni."

Na zaci zai yi mini wa'azin haƙuri, har na shirya amsa. Bai yi ba. Ya tauna goronsa, can ya ce, "To, kahin ka tahi ina da buƙata wurinka. Baƙaƙen ga na Nasara nika son koyo. Gobe in zaka ajinka?"

Na ɗauka zolaya ce, don ya iya ta. Na ce masa ya zo.

Washegari yara sun zazzauna, na juya ina rubutu a allo, sai na ji sallama. Malam ne tsaye a bakin ƙofa, da ɗan allon rubutu a hammata. Ya sunkuya a hankali, don gwiwarsa na damunsa, ya tuɓe tsofaffin takalmansa masu faci, ya jera su kusa da nawa. Ya shigo ya durƙusa a gabana, mutumin da ya girmi mahaifina, ya ce, "Malam, a gahwarce ni, na makara." Sannan ya je can ƙarshen tabarma ya zauna cikin yara.

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Wani yaro, jikan wani alƙali, ya dubi ƙafafunsa, ya dubi Malam, ya tashi sum-sum ya fita, ya dawo ba takalmi. Wasu suka bi shi. Ba duka ba, akwai biyu masu taurin kai da suka kai mako guda suna shigowa yadda suka saba. Malam bai tsawata musu ba. Kullum dai yana zuwa, yana tuɓewa, yana durƙusawa, har suka gaji da zama su kaɗai da takalmi.

A karatun boko kam, Allah ya ji ƙansa, ɗalibi ne mai wahalarwa. Hannunsa kullum daga dama yake son farawa, yara su yi ta danne dariya, shi ma ya taya su. Amma ni ne ɗalibin gaskiya, sai daga baya na gane. A cikin aji yana kirana Malam, da mun fito gindin durumi na koma ɗana, sai a zauna a yi mini nawa karatun.

"Yau bango kak karantar. Ka ba ɗiya baya tun hwarko har ƙarshe. Bangon ya gane?"

Wata rana kuma, "Yaron can na kusa da taga ya san amsa, tsoronka shika ji. Ka tambaye shi abu mai sauƙi gobe, shi samu shi ci sau guda." Shi ya hana ni dukan yaro ina cikin fushi, ya ce in bari sai bayan azahar, in har zuciyar ba ta huce ba. Kusan kullum kafin azahar ta huce. Ba ya faɗa mini kuskure fiye da ɗaya a rana, ko da na yi goma, kuma bai taɓa gyara mini a gaban yara ba. In na yi abin kirki ba ya yabo, goro guda cikakke yake ba ni a maimakon ɓari.

Ruwan fari ya sauka ina cikin koyar da lissafi. Na ji ƙamshin ƙasa, na tuna fadama, na ci gaba da darasi. Damina ta wuce, aka yi girbi, ban je ko'ina ba. Shi ma bai tuna mini da maganar ba.

Shekara na zagayowa sai ya yi kwana uku bai zo ba. Aka ce zazzaɓi ya yi, amma ya ji sauƙi har ya fito zaure. Na tafi gaishe shi bayan la'asar. Rabona da unguwar tun kafin a ba ni aji. Tun daga nesa na fara shirin ratsewa saboda takalma, sai na ga hanya fayau. Takalman mutum uku ne kacal a bakin zauren, ɗaya ma nasa ne mai faci.

Wani tsohon ɗalibinsa ya fito, na tambaye shi ko an tashi ne. Ya dube ni sama da ƙasa, ya gane ni. Ya ce ba a tashi ba, iyakarsu ke nan. Labari ya daɗe da zaga gari cewa Malam na tuɓe takalmi yana durƙusa wa ɗan manomi mai karantar da rubutun Nasara. Mutane suka ce ba su ɗaukar ilimi a hannun wanda ya yi haka, suka riƙa janyewa ɗaya-ɗaya zuwa wasu zaurukan.

Na tuɓe nawa na shiga, na durƙusa, na kasa ɗaga kai. Da ƙyar na ce, "Malam, don mi ba ka hwaɗa min ba?"

Ya ce, "Da na hwaɗa ma, da ka hana ni zuwa. Su suna da zaurukan da za su, garin ga cike shike da malamai. Kai ba ka da kowa." Ya laluba aljihu ya ciro goro. "Yaron na kusa da taga, ya hwara magana?"

Bai ƙara shekara huɗu ba ya rasu, zauren kuwa bai sake cika ba.

Na daɗe a aikin nan har na yi furfura a cikinsa. Duk sabon malamin da aka kawo, ranar farko nakan je ƙofar ajinsa in tuɓe takalmina, in shiga in zauna a baya, in an tashi in faɗa masa abu ɗaya. Da yawansu sun zauna, wasu har sun fi ni. Ana yaba mini a kan haka, ni kuwa yabon nauyi yake mini, domin lokacin da na fara yin haka, boko ya riga ya zama abin so, ban rasa komai ba don na tuɓe. Shi ne ya yi a lokacin da abin ke da ciwo.

Ina kewarsa, ba zan ɓoye ba. Ina kewar ɓarin goron nan da muryar da ke ce mini ɗana. Magada sun rushe zauren tuntuni sun ta da katanga a wurin. Amma har yau in na bi ta hanyar nan da la'asar, ƙafata kan ratse gefe da kanta, kamar takalman suna nan jibge yadda suke kafin ya san ni.