Notunan Babur a Tandar Waina

Bari in sauƙaƙa wa mai karatu tun da wuri: wawan da ke cikin wannan labari ni ne, kada ya sha wahalar nema.

Ina da tsohon babur da nake kai goro kasuwa da shi daga gidanmu a unguwar Pumpumre. Maƙwabcina wani dattijo ne Kirista, mutumin kan duwatsu, da ya sauko Garwa yana sayar da hatsi. Baburinsa ya girmi nawa, amma bai san ƙofar gareji ba. Ran Lahadi in ya dawo daga coci, sai ya tuɓe kwat, ya shimfiɗa buhu a gindin dalbejiya, ya buɗe injin kamar mai fiɗar rago. Ni kuma in jawo kujera ina ba shi shawarar da bai nema ba. Ya wanke kafireto da fetur ɗin kwalba, ya hura da baki, ya kankare buji, wato filogi, sannan ya kara kunne a jikin injin ya yi tsit kamar mai sauraron gulma. Abin da ya fi burge ni kuwa kwalin ƙwai ne da yake ajiyewa a gefe. Notin da ya fara kwancewa rami na farko, washar da ke bayansa rami na gaba. In ya zo ɗaurawa sai ya bi ramukan da baya. Ban taɓa ganin ya tashi ya bar ragowar ƙarfe a ƙasa ba.

Ana cikin shirin sunan jikarmu nawa baburin ya kama tari. Na ce ni da na yi lakwal, wato boko, har aji uku kafin Baba ya ce goro ya fi Faransanci riba, wannan ba zai gagare ni ba. Matata Hajiya ta fita sayen shinkafa. Na nemi kwalin ƙwai babu. Ina leƙa madafi sai ga tanda a jingine, ramuka reras, kamar don ni aka gina ta.

Tandar nan ta ƙasa ce, uwar Hajiya ta zo da ita daga garin Gidar. Ta sha man gyaɗa shekara da shekaru har ta yi baƙi tana sheƙi, waina ba ta kama ta, juyi ɗaya ta fito da gefe ja. 'Yarmu ta riga ta cika wa surukanta baki cewa ran suna za su ci wainar tandar kakarta. Duk na san wannan. Amma a lokacin ramukan kawai nake gani.

Har na fi maƙwabcina dabara, don nasa kwalin ba ya riƙe ruwa. Ni kuwa na tsiyaya fetur a kowane rami, notuna suna jiƙa suna sakin baƙin mai. Aiki ya yi kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Bugu ɗaya babur ya tashi. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga yana cewa, "Alhaji, yau ka zama makanike!" Sai idonsa ya faɗa kan tanda. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce ya tuna ana kiransa a cikin gida.

Na wanke ta da sabulu, na mayar inda take.

Ran jajibirin suna da la'asar Hajiya ta ɗora ta a wuta don gwaji. Nan take gida ya gauraye da warin tashar mota. Na jira ihu, ban ji ba. Matar nan ta kifa tanda a garwashi, ta goge da toka, ta goge da gishiri, ta shafa mai, ta sake zuba ƙullu. Ta shinshina, ta sake. Ina daga zaure ina leƙenta, wallahi ko maƙwabcina bai taɓa lallaɓa inji yadda ta lallaɓa ƙasar nan ba. Da ta tabbata fetur ya shige ciki ba ya fita, ta shafa bakin tandar da tafin hannu, ta jingine ta, ta yafa mayafi ta je ta aro ta ƙarfe. Surukai dai wainar ƙarfe za su ci.

Can sai ga ta da faranti, wainar gwajin a ciki, ta durƙusa ta ajiye a gabana da ladabi.

Na gyara murya na ce, "Hajiya, a yi adalci. Tanda ta tafi, Allah ya sa ta huta. Amma ki duba, babur bugu ɗaya yake tashi yanzu."

Ta ce, "Na ji, Alhaji. Cinye wannan tas, in zo in taka maka ƙafa, mu ga kai bugu nawa za ka tashi."