Ranar da Malam Mahfuzu ya sauko da taro gindin maina

Duk mai bin hanyar kasuwa bayan sallar asuba a Garwa ya san tsohuwar moton Malam Mahfuzu, wato babur ɗinsa. Tarinta ake fara ji kafin a gan ta. Butoci a ɗaure a baya, wani lokaci har da tabarmi, shi kuma hula a karkace, ya nufi gidan taron da yake wa hidima tun gashinsa na baƙi. Yana isa sai zaure. Ya bi kujeru yana jijjigawa, wadda ta yi ƙara ya fitar da ita waje. Abokan aikinsa na tsokanarsa, wai Baba Mahfuzu ya fi kowa halartar taro amma bai taɓa jin jawabi ko ɗaya ba. Gaskiya suka faɗa. Lokacin da ake tafa wa mai jawabi, shi yana wajen janareto don ya san halin wutar garin nan, ko yana tasha yana jiran baƙon Mokolo da motarsa ta tsaya a hanya.

Mu kuwa mu zo, mu sha ruwan sanyi, mu kaɗe riga mu tafi, ba mai tambayar wa ya ajiye shi. Jeannette, mai dafa abincin gidan, ta ce da ƙafarsa yake zuwa mayanka ya ga wanda ya yanka, don Musulmi ya ci ba tare da ya tambaya ba. In taro ya faɗa cikin azumin Kirista, shi ke tuna mata ta tanadi kifi.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Wata shekara aka kira taron sulhu tsakanin makiyaya da manoman auduga na wajen Kayele, bayan an zubar da jini a kan burtali. Kowa ya san makiyaya ba za su karɓi wata magana ba sai Arɗo Kamilu ya amince, tsoho ne da suke jin nauyinsa. In aka watse ba shi, damina na zuwa za a koma gidan jiya.

Shugabar gidan, Madam Nadège, ta sa aka gyara zauren bene mai na'urar sanyi, saboda manyan gwamnati. Mahfuzu ya je tasha shi da direba Louis suka ɗauko Arɗo. Tun a can ya lura da yadda tsohon ke jan ƙafa yana ɓoyewa da babbar riga. Da suka iso, Arɗo ya tsaya ya dubi matakalar benen nan. Can sai ya ce wa ɗan rakiyarsa da Fillanci, ya tuna ya bar saniya ba lafiya, gara su juya.

Wace saniya? Mahfuzu haifaffen Garwa ne, Fillanci a bakinsa yake, kuma ya san halin mutanen. Arɗo ba zai iya hawa ba, ba zai faɗa ba, ba kuma zai yarda a ciccibe shi kamar buhu a gaban waɗanda ya zo jayayya da su ba.

Sai Mahfuzu ya shimfiɗa masa tabarma a gindin bishiyar mainar tsakar gida, ya roƙe shi ya sha shayi tukuna. Ya haye sama ya ce a sauko da komai: kujeru, tebura, lasifika. Madam Nadège ta fito ranta a ɓace tana tambayar dalili. Ya san in ya faɗa a gaban jama'a, ya tona wa tsoho asiri.

"Madam, laifina ne. Ban gama shirya sama ba."

Ta wanke shi tas da Faransanci a gaban baƙi, ta ce ana tashi ya kawo mata makullai. Mutum mai iyali, aikin da ya dogara da shi ke nan. Ya ce to, ya sunkuya ya ɗauki kujera.

Wanda ya san zafin Garwa a bazara ya san abin da manya suka sha cikin kwat ranar nan. Harara kam Mahfuzu ya sha ta. Amma Arɗo ya zauna, ya yi magana, shi da Antoine shugaban manoma suka daidaita inda shanu za su bi. Da yamma Madam Nadège ta leƙo ta taga, ta ga Mahfuzu ya sa an kai mota bayan gini, yana tallafa wa tsohon ya shiga inda ba ido. Maganar makulli ba ta sake tashi ba. Shi kuma bai taɓa ba kowa labarin ba. A bakin Louis na ji.

Malam Mahfuzu, kai ne mai rufa asirin baƙo. Ka ɗauki zagi a kanka don wani ya fita da mutuncinsa, mutanen da ba su san sunanka ba suka yi noma da kiwo lafiya. Wallahi duk lokacin da na tuna, sai na ji kunyar ruwan da na sha ban gode ba.

Bana ya ajiye aiki, don gwiwa ta fara yi masa gardama, ko da yake ba zai faɗa ba. Aka kira mu walimar sallama. Muna shiga muka tarar da kujeru jere a gindin maina. Ya tambayi Madam Nadège me ya sami zauren sama. Ta dube shi ta ce, "Baba, laifina ne. Ban gama shirya sama ba."

Ya yi dariya har hawaye suka zubo masa. Sannan ya jijjiga kujerar da aka ba shi kafin ya zauna.

Mun gode, Baba Mahfuzu, Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa wasu. Ku kuma da kuka gaji makullansa, in baƙo ya sauko daga mota, ku dubi yadda yake taka ƙasa kafin ku nuna masa inda zai zauna.